Tsakanin yarjejeniyar Njamena da shingen kan hanya

Da hutun Babbar Sallah da ya wuce, bayan an gama rabon nama an zauna a zaure a gidanmu na Garwa, kawuna wanda ya shafe fiye da shekara talatin yana fataucin shanu tsakanin Cadi da arewacin Kamaru ya tambaye ni ko wane irin karatu ne nake yi a Ngaundere da har yau ya ƙi ƙarewa. Na ce masa ina nazarin dokokin da ƙasashe suka haɗu suka ɗora a saman dokokinsu na gida, da kuma yadda waɗannan dokoki ke sauya aikin ma'aikatun gwamnati. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "To ɗana, idan har akwai dokar da ta fi ta gwamnati, me ya sa mai kaki bai san da ita ba?" Na ce masa, "Kawu, abin da nake ƙoƙarin ganowa ke nan," aka yi dariya aka shiga wata hira. Sai dai tambayar ta biyo ni har Dang, inda jami'ar take, kuma a kanta ne kundin digirina na biyu ya zauna.

A shekarunmu na farko a tsangayar shari'a, abin da aka koya mana game da dokar gudanar da mulki gadon Faransa ne kusan gaba ɗayansa. Kowane ɗalibi ya haddace hukuncin Blanko na 1873, wanda ya samo asali daga wata yarinya da keken ɗaukar kaya na masana'antar taba ta gwamnati ya buge a birnin Bordo, inda aka yanke cewa alhakin da ke kan gwamnati yana da ƙa'idojinsa na daban da kuma alƙalinsa na daban. Daga nan aka gina mana hoton mulki mai kama da tsani: kundin tsarin mulki a ƙoli, dokar majalisa a ƙarƙashinsa, sai dikirin shugaban ƙasa, sai ƙudurin minista, har a sauko ga gwamna da perfe da magajin gari. A wannan hoton ƙasa ce rufin ɗaki, babu komai a samanta. Sai da muka kai aji na uku aka nuna mana sashe na 45 na kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996, wanda ya ce yarjejeniyar da aka amince da ita bisa ƙa'ida, da zarar an wallafa ta, tana da ƙarfi fiye da dokar majalisa, matuƙar ɗaya ɓangaren ma yana aiki da ita. Ashe rufin yana da ƙofa, kuma ta wannan ƙofar dokoki masu yawa suka shigo ba tare da sun bi ta zauren majalisar dokoki a Yawunde ba.

Biyu daga cikin tsare-tsaren da suka shigo ta nan su ne suka fi taɓa rayuwarmu. Na farko shi ne CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta tsakiyar Afirka, wadda aka rattaba hannu a kan yarjejeniyarta a Njamena ranar 16 ga Maris 1994, watanni biyu bayan an karya darajar sefa da rabi, ta kuma fara aiki a 1999 a madadin tsohuwar ƙungiyar kwastan ta UDEAC da aka kafa a Barazabil a 1964. Ƙasashe shida ne a ciki: Kamaru, Cadi, Gabon, Kwango, Ikwatoriyal Gini da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Na biyu shi ne OHADA, tsarin daidaita dokokin kasuwanci da aka kafa a Port-Louis ta ƙasar Morishus ranar 17 ga Oktoba 1993, wanda a yau ya haɗa ƙasashe 17, sakatariyarsa a Yawunde, kotunsa a Abijan. Sashe na 10 na yarjejeniyar OHADA bai bar wurin gardama ba, domin ya ce dokokin bai-ɗaya da tsarin ya fitar suna aiki kai tsaye a cikin ƙasashen, ko da akwai dokar gida da ta saɓa musu, ta riga su zuwa ne ko ta biyo bayansu. Yarjejeniyar CEMAC ma tana da magana irin wannan. A takarda dai, tambayar kawu tana da amsa gajera: dokar tana nan, kuma ta fi ta gida ƙarfi.

Amma hanyar da doka ke bi kafin ta iso teburin ma'aikaci ita ce ainihin abin nazari, kuma a nan dole a rarrabe nau'i biyu. Akwai ƙa'idar da majalisar ministocin ƙungiya ke zartarwa, wadda ke hawa kan kowa kai tsaye ba tare da jiran wata dokar gida ba. Akwai kuma umarnin da ake kira direktif, wanda ke gaya wa ƙasa inda ake so ta kai, ya bar mata zaɓin hanya da sigar da za ta bi, wato sai ta zauna ta rubuta tata dokar. Wannan rarrabewar an aro ta ne daga Tarayyar Turai kusan kalma da kalma. Direktif yakan yi doguwar tafiya: daga teburin ministoci zuwa daftarin doka, daga majalisa zuwa dikirin aiwatarwa, daga nan zuwa takardar bayani da minista ke aika wa ma'aikatansa, wadda a ofis ake kira sirkilar. A kowane zango ana iya yin jinkiri, ana iya rage wani abu, ana kuma iya ƙara wani sharaɗi da babu shi a asali.

Ni kaina ɗan direktif ne, ko da yake ban san haka ba sai daga baya. Tsarin karatun jami'a na lisans shekara uku, masta shekara biyu, sannan doktora, wanda muke kira LMD, ya zo mana ne bayan shugabannin CEMAC sun yi sanarwa a kansa a Libarabil a 2005, aka bi da direktif a 2006, jami'o'in Kamaru suka fara sauya manhajojinsu jim kaɗan bayan haka. Yau ɗalibin da ya zo daga Njamena ko Mundu ya zauna kusa da ni a aji, kuma a Ngaundere suna da yawa, yana ƙirga darussansa da ma'auni ɗaya da nawa. Wannan sauyi ne na gaske da ya shiga har cikin ofishin magatakardan tsangaya, kuma ba a ji wani ƙara mai yawa ba wajen shigarsa, domin bai taɓa aljihun kowa a cikin masu iko ba.

Inda abin ya fi nauyi shi ne kuɗin gwamnati. A watan Disamba 2011 CEMAC ta fitar da direktif guda shida a kan tafiyar da dukiyar jama'a, waɗanda suka shafi yadda ake tsara dokar kasafin kuɗi, da lissafin baitulmali, da jerin sunayen kuɗin shiga da na fita, da kuma fayyace wa jama'a yadda ake kashe kuɗinsu. Manufarsu ita ce a bar tsohon salo na ba kowace ma'aikata kason kuɗi a ce ta je ta kashe, a koma ga kasafi bisa shiri, inda kowane shiri yake da burin da aka rubuta, da ma'aunin da za a gwada nasararsa da shi, da jami'in da za a tambaya idan bai cimma ba. Cadi ta yi tata babbar dokar kasafi a 2014. Kamaru, wadda ta riga ta fara kasafi bisa shiri a 2013 a ƙarƙashin wata dokarta ta 2007, ba ta kammala shigar da waɗannan direktif a dokarta ba sai ranar 11 ga Yuli 2018, fiye da shekara shida bayan fitowarsu. Akwai kuma wani sharaɗi a ciki da ke nuna iyakar biyayyar ƙasashe: an bukaci kowace ƙasa ta kafa kotun binciken kuɗi mai zaman kanta. A Kamaru aikin ya ci gaba da zama a hannun wani sashe na Kotun Ƙoli. A Cadi an kafa kotun, kundin tsarin mulkin 2018 ya mayar da ita sashe a Kotun Ƙoli, daga baya aka sake raba ta. Wanda ya duba wannan kai-komo zai gane cewa direktif yana iya sauya fom da jadawali cikin sauƙi, amma idan ya zo ga ƙirƙirar hukumar da za ta iya tuhumar masu riƙe da lalitar gwamnati, sai tafiyar ta koma ta hawainiya.

Na yi wata uku ina koyon aiki a wani ofishin gwamnati a nan arewa, kuma abin da na gani a can ya fi duk wani darasi tasiri a kaina. Ma'aikatan suna cika takardun kasafi bisa shiri, suna rubuta buri da ma'auni a gurabensu, amma a cikinsu ban tarar da wanda ya taɓa ganin direktif ɗin 2011 da idonsa ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin babu wanda ya taɓa kawo musu shi. Wata rana wata takarda ta zo da ta shafi wani ɗan kasuwa, na lura cewa abin da ake nema daga gare shi ya saɓa wa wata ƙa'idar ƙungiya wadda ke aiki kai tsaye. Na tattara ƙarfin hali na shiga wurin shugaban sashen, dattijo mai haƙuri da ya kusa ritaya, na ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin wannan sharaɗin ƙa'idar CEMAC ta riga ta ɗauke shi." Ya karɓi takardar da na bugo, ya karanta ta har ƙarshe, ya ce: "Malam, na yarda da karatunka. Amma ranar da masu bincike za su zo daga Yawunde, ba za su tambaye ni abin da aka ce a Bangi ba, za su tambaye ni sirkilar da na dogara da ita. Ka kawo mini sirkilar, yau ɗin nan in sa hannu."

Na daɗe ina juya wannan magana. A tsanin da aka koya mana, sirkilar ce a can ƙasa, har malamanmu kan ce sau da yawa ba doka ba ce, bayani ne kawai na cikin gida. A ofis kuwa tsanin a kife yake: sirkilar ce ke da iko a kan hannun da ke riƙe da biro, yarjejeniya kuma labari ce daga nesa. Dalilin bai da wuyar ganewa. Ma'aikaci yana bin takardar da za ta kare shi ne, kuma wanda ke ba shi maki, ya ƙara masa girma, ko ya tura shi wani ƙauye mai nisa, ba ya zaune a hukumar ƙungiya. Dattijon nan bai jahilci doka ba, lissafinsa daidai yake da yanayin da yake ciki. Tun daga ranar na daina rubuta a kundina cewa matsalar rashin sani ce, na koma tambayar wane ne ke da abin da zai rasa idan aka karya dokar ƙungiya, kuma a hannun wa sandar take.

Da wannan tambayar ne na fahimci dalilin da ya sa dokar ƙungiya ke da haƙora a fannin kuɗi da banki. Babban bankin ƙasashen, BEAC, wanda aka kafa a 1972 kuma hedikwatarsa ke Yawunde, shi kaɗai ke buga sefa, wadda aka ɗaure da yuro a kan 655.957. Hukumar sa ido a kan bankuna, COBAC, da aka kafa a 1990 bayan durƙushewar bankuna da dama a ƙarshen shekarun 1980, ita ce dole a samu amincewarta kafin ministan kuɗi ya ba banki lasisi, kuma tana da ikon tsige shugabannin banki, ta naɗa mai riƙon ƙwarya, ko ta janye lasisin gaba ɗaya. A nan babu mai jiran sirkilar. Lokacin da faɗuwar farashin man fetur ta cinye ajiyar kuɗin waje, har shugabanni suka yi taron gaggawa a Yawunde a Disamba 2016 suka ƙi karya darajar sefa suka nufi Asusun Lamuni na Duniya, abin da ya biyo baya shi ne sabuwar ƙa'idar canjin kuɗi ta Disamba 2018, wadda ta fara aiki a Maris 2019. Cikin ɗan lokaci kowane ɗan kasuwa a Garwa da Marwa da ke sayo kaya daga Dubai ko Sin ya ji ta a jikinsa, domin banki ya fara neman takardun shaidar ciniki kafin ya aika ko sisi, kuma kayan da suka kai sefa miliyan 5 sai an yi musu rajista a banki. Ma'aikacin banki bai ce a jira umarni daga minista ba, saboda tarar da za a ci bankinsa tana nan tafe. Abin lura shi ne kamfanonin mai da ma'adinai sun yi ta ciniki da babban bankin har suka samu jinkiri zuwa 2022 da sassauci a kan adadin kuɗin da za su dawo da shi gida, alhali mai shagon atamfa a babbar kasuwa ba a tambaye shi ra'ayinsa ba.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A Afrilu 2022 majalisar dokokinta ta amince da Bitcoin a matsayin halastaccen kuɗi tare da sefa, abin da ya ci karo da yarjejeniyar kuɗin bai-ɗaya. BEAC ta nuna rashin amincewa, COBAC ta hana bankunan yankin taɓa irin wannan kuɗi, kuma a Maris 2023 majalisar ta gyara dokar ta janye wannan matsayi. Ƙasa mai cikakken 'yanci ta yi doka, hukumomin ƙungiya suka sa ta lashe amanta cikin shekara guda, ba tare da an kai ga hukuncin kotu ba.

Sai a ajiye wannan a gefe guda, a ɗauko batun zirga-zirgar jama'a, wanda shi ne ya dami kawu. A 2013 shugabannin CEMAC suka zartar da soke biza tsakanin ƙasashen shida daga farkon 2014, ta yadda ɗan ƙasa mai ingantacciyar takardar shaida zai iya shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90. Gabon da Ikwatoriyal Gini suka ja ƙafa har zuwa Oktoba 2017, kuma babu abin da ya same su a tsawon wannan jinkiri. Tsakanin Kamaru da Cadi kuwa matsalar ba ta biza ba ce tun asali, domin dubban mutane ke ƙetare gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Njamena kowace rana. Matsalar ita ce shingayen da ke kan hanya, da kuɗin da ake karɓa ba rasit. Ƙungiyar tana da hukumar kula da dabbobi da nama da kifi, CEBEVIRHA, mai mazauni a Njamena, kuma akwai fasfon shanu da takardar shaidar ƙetare iyaka da garke, waɗanda aka ƙirƙiro domin bafatake ya biya abin da doka ta ce sau ɗaya ya wuce. Kawu yana da waɗannan takardu, yana kuma adana su a cikin leda kamar layar gado. Ya ba ni labarin wani shinge da ya miƙa su, mai kakin ya jujjuya su ya ce takardun shanu sun cika, saura na masu kora, da aka kawo na masu kora ya ce saura na sandunansu. A nan kawu ya gane inda maganar ta dosa, ya ba da jaka biyu aka ɗaga igiya, domin shanu ba sa jiran shari'a, kowace sa'a a tsaye rama ce, rama kuma asara ce a kasuwa.

Bambancin da ke tsakanin waɗannan misalai biyu shi ne abin da nake son kundina ya nuna. Inda dokar ƙungiya ke kare darajar kuɗi da ajiyar babban banki, an ba ta hukuma mai ma'aikata da iko da tara. Inda take ba talaka wani haƙƙi a kan gwamnatinsa, an bar aiwatar da ita a hannun gwamnatin da ake nema a taka wa birki. Ba na cewa an shirya hakan da mugun nufi, domin kuɗin bai-ɗaya ba ya rayuwa sai da horo mai tsanani, kuma duk wanda ya ga yadda naira ke hawa da sauka a hannun 'yan canji a kan iyaka ya san amfanin sefa mai tsayayyen farashi. Amma sakamakon a bayyane yake: ɗan kasuwa yana haɗuwa da ƙungiya a matsayin mai hana shi, da wuya ya haɗu da ita a matsayin mai tsaya masa.

A Turai, abin da ya cike wannan giɓi shi ne kotu, kuma ta hannun mutane marasa muƙami. Hukuncin 1964 da ya kafa fifikon dokar ƙungiya a kan dokar gida ya taso ne daga wani lauya a Milan da ya ƙi biyan kuɗin wutar lantarki na lira 1,925, ƙaramin alƙali ya aika da tambaya zuwa kotun ƙungiya, amsar da ta dawo ta zama ginshiƙi. Ko a can ba a miƙa wuya da wuri ba, domin majalisar shari'ar gudanarwa ta Faransa, wadda muke haddace hukunce-hukuncenta, ba ta yarda ta fifita yarjejeniya a kan dokar majalisa da ta biyo bayanta ba sai a 1989. Mu ma muna da irin wannan hanya. Kotun CEMAC tana nan a Njamena, kusa da mu fiye da Yawunde idan daga Marwa aka tashi, kuma alƙalin gida yana da damar aika mata da tambaya idan fassarar dokar ƙungiya ta taso a gabansa. Sai dai wannan ƙofa kusan a rufe take don rashin masu bi. Da na zauna karanta hukunce-hukuncen kotun, mafi yawan abin da na tarar rigingimu ne tsakanin hukumomin ƙungiya da ma'aikatansu a kan albashi da kora, sai ƙararrakin masu bankuna a kan matakan COBAC. Ban ci karo da bafatake ko direban babbar mota ba.

Dalilin yana komawa ga dokar gida. Mutumin da wani jami'i ya zalunta a Kamaru, kafin ya je kotun gudanarwa, wadda tun bayan dokar 2006 aka tanadar a manyan biranen jihohi har da Garwa da Marwa da Ngaundere, dole ne ya fara rubuta wa hukumar da ta yi masa laifin takardar neman ta gyara da kanta. Idan ta yi shiru wata uku, shirun ya zama ƙi, sannan yana da kwana 60 ya shigar da ƙara. Wanda ya kuskure mataki ɗaya a nan, an kori ƙararsa tun ba a duba gaskiyarsa ba. Kuma duk wannan yana bukatar a ce akwai takardar da za a kai ƙara a kanta, alhali abin da ake karɓa a shinge ba ya barin sawu. Babu mai hankalin da zai ɗauki lauya, ya jira shekara, a kan jaka biyu. 'Yan'uwanmu na yamma sun ɗan fi mu a nan, domin tun 2005 kotun ECOWAS da ke Abuja take karɓar ƙarar mutum kai tsaye a kan take haƙƙin ɗan Adam ba tare da ya gama zagaye kotunan gida ba.

OHADA ta bi wata hanya dabam wadda ta fi tsauri, domin kotunta ta Abijan ita ce ke yanke hukuncin ƙarshe a kan dokokin bai-ɗaya, a madadin kotunan ƙoli na ƙasashen. Duk da cewa dokar kasuwanci ce, ta shiga harkar gudanar da mulki ta wata ƙofa da ban zata ba. Sashe na 30 na dokar karɓar bashi ta 1998 ya kare hukumomin gwamnati daga a kama dukiyarsu don biyan bashi, kuma a shari'ar kamfanin Togo Telecom a 2005 kotun ta faɗaɗa wannan kariya har ga kamfanonin gwamnati. Ma'anar wannan ga ɗan kwangilar da ya gina azuzuwa ko ya kai kaya ba a biya shi ba ita ce, yana iya cin shari'a ya riƙe hukunci a hannu, amma ba shi da abin da zai kama. Kotun ta fara sassauta matsayinta a 2018, kuma gyaran da aka yi wa dokar a Kinshasa a Oktoba 2023 ya taƙaita waɗanda kariyar ta shafa, ya kuma buɗe hanyar a sa bashin cikin kasafin hukumar da ake bi. Ko wannan zai sauya halin masu biyan kuɗi a baitulmali, sai an ga yadda alƙalai da akantocin gwamnati za su riƙe shi.

Akwai wani abu kuma da littattafanmu ba su cika kulawa da shi ba, wanda duk ɗan arewa ya sani. Taswirar ƙungiya ba ita ce taswirar kasuwarmu ba. A idon doka, Libarabil gida ce, Mubi da Yola da Maiduguri kuwa ƙasar waje ce, domin Najeriya ba ta cikin CEMAC, ba ta cikin OHADA. Kayan da suka fito daga can suna ƙarƙashin harajin bai-ɗaya na kayan waje, mai matakai daga kashi 5 zuwa kashi 30 cikin ɗari, tare da kashi 1 da ake karɓa don ɗaukar nauyin hukumomin ƙungiya. Amma shanun kawu da yawa a Najeriya suke ƙarewa, kuma man da ake sayarwa a kwalabe a bakin titin Garwa kowa ya san inda ya fito. Ɗan duwan da ke kan wannan iyaka yana riƙe da dokar da aka tsara don tashar jiragen ruwa ta Duwala, yana fuskantar 'yan babur da jarkoki, saboda haka abin da ke gudana a zahiri sulhu ne tsakaninsa da 'yan kasuwa, wanda babu shi a kowane littafi. Yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka da aka sa wa hannu a Kigali a 2018 ta yi alkawarin rage wannan tazara, amma ita ma sai ta bi ta zangon da sauran suka bi kafin ta iso Banki ko Fotokol.

Wani abokin karatuna ɗan Cadi yakan ƙalubalance ni da cewa ina kukan rashin ƙarfin dokar ƙungiya kamar ƙarfinta alheri ne tsantsa, alhali ministoci da ƙwararru ne ke rubuta ta a ɗakunan taro, majalisar ƙungiya da ke Malabo kuma ba jama'a ne suka zaɓe ta kai tsaye ba, kuma ba ita ke da ta cewa ta ƙarshe ba. Yana da gaskiya, kuma na ba maganarsa babi guda. Dokar da ta fi ƙarfin majalisar ƙasa, amma babu wanda talaka zai iya kayarwa a zaɓe saboda ita, abar tsoro ce ko da tana da kyau. Ga kuma batun harshe: ana wallafa waɗannan dokoki da Faransanci da sauran harsunan Turai, har OHADA sai a gyaran 2008 ta ƙara Ingilishi da Sifaniyanci da harshen Fotugal a kan Faransanci, alhali cinikin shanu daga Adamawa zuwa tafkin Cadi da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Hausa ake yin sa. Amsar da nake ba shi ita ce, a halin da muke ciki ɓangaren dokar da ke matsa wa mutane ya riga ya iso da ƙarfinsa, don haka neman a ƙarfafa ɓangaren da ke ba su haƙƙi ba ƙarin mulkin nesa ba ne. Bai gamsu ba, kuma muna nan muna ja.

Kafin in koma makaranta na zauna dare biyu na fassara wa kawu muhimman sassan dokar zirga-zirga da na takardun shanu zuwa Hausa, na rubuta masa da ajami tunda shi ya fi iya karantawa, na haɗa da kwafin Faransancin da na bugo daga intanet domin ya nuna a shinge. Ya sa tabarau ya bi rubutun layi-layi, ya yi mini addu'a, sannan ya ɗauki kwafin Faransancin ya duba gabansa da bayansa, ya ɗaga shi sama wajen haske.

"Ɗana, ina tambarin?"

Na ce masa irin wannan doka ba ta bukatar tambarin kowa, da kanta take aiki. Ya ninke takardun biyu ya sa a cikin ledar da fasfon shanun yake, ya ce in dai na samu wanda zai buga mata tambari a Yawunde, in aiko masa kafin tafiyarsa ta bayan damina.